A Sanyaya Shi Tukuna: Jarumtar Banza a Filin Tanis

A ranar 28 ga Yulin 2021, ana tsakiyar wasan tanis a gasar Olamfik ta Tokiyo, alƙalin wasa ya dubi Daniil Medvedev na Rasha, wanda ke ta haki yana dafa gwiwa, ya tambaye shi ko zai iya ci gaba. Medvedev ya amsa da cewa zai iya ƙarasa wasan, amma yana iya mutuwa, sannan ya tambayi alƙalin wanda zai ɗauki alhaki idan ya mutu. Ya ƙarasa, ya kuma yi nasara a kan Fabio Fognini na Italiya. A wannan rana dai aka fitar da Paula Badosa ta Sifaniya daga fili a keken marasa lafiya, zafi ya hana ta kammala wasanta. Washegari sai masu shirya gasar suka mayar da fara wasanni zuwa ƙarfe uku na yamma, maimakon sha ɗaya na safe da suka kafe a kai tun farko.

Ba a ba Medvedev amsa a filin ba, ga shi kuwa tambayarsa tana da amsa. Alhakin yana wuyan wanda ya tsara lokacin wasa, da wanda ya mallaki fili, da kocin da ke ihu daga gefe, da ’yan kallon da suke tafa wa mai tangaɗi suna kiransa namiji. Matsayina a wannan maƙala shi ne: duk filin tanis da ake wasa a cikinsa a lokacin zafi, alhali babu baho da ruwan sanyi a gefensa, babu kuma mai ikon tsayar da wasa ko ɗan wasa bai so ba, to fili ne da bai cancanci a buɗe shi ba. Bugun zafi yana kisa, kuma yana cikin ’yan tsirarun cututtukan gaggawa da maganinsu ya fi kowanne araha. Mutuwa da irin wannan cuta sakaci ce, ko da an lulluɓe ta da sunan ƙaddara ko jarumta.

Wasan da ba shi da agogo

Ƙwallon ƙafa minti casa’in ce, akwai hutun rabin lokaci, akwai ’yan canji. Tanis ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Turmi-turmi ake yin sa kamar dambe, kuma ba ya ƙarewa sai wani ya ci adadin turamen da ake bukata, ko da hakan zai ɗauki yini. Wasan ƙarshe na gasar Ostareliya a 2012, tsakanin Novak Djokovic da Rafael Nadal, ya ci sa’a 5 da minti 53. Hutun da doka ta bayar kaɗan ne: daƙiƙa 25 tsakanin maki da maki, daƙiƙa 90 idan za a sauya ɓangaren fili, minti biyu a ƙarshen turmi. Wanda ya ji jikinsa ya gaza ba shi da wanda zai karɓe shi. Ko ya ci gaba, ko ya miƙa wuya ya rasa wasan, da kuɗin, da makin da ke ɗaga matsayinsa. Ko ƙullewar tsoka ma, dokar ƙwararru ba ta ba ta hutun jinya na minti uku da ake bai wa mai rauni. Sai dai a duba mutum a ɗan lokacin sauya ɓangare.

Ga kuma filin kansa. Yawancin filayen da ake wasa a kansu a ƙasashe masu zafi daɓen siminti ne ko kwalta da aka shafe da fenti na musamman. Irin wannan daɓe yana shan rana ya mayar da ita sama, ta yadda ɗan wasa ke karɓar wuta daga bisa da kuma daga ƙarƙashin takalminsa. Katangar da ke kewaye da fili tana tare iska. Saboda haka lambar da masu hasashen yanayi ke faɗa a rediyo, wadda a inuwa ake auna ta, ba ita ce ke dukan mai tsaye a tsakiyar fili ba.

Yadda jiki ke cin wuta daga ciki

Tsokar ɗan Adam injin ne mai ɓarna. Daga cikin ƙarfin da take ƙonawa, kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar ne kawai ke zama motsi. Ragowar duk zafi ne da dole a fitar da shi. Jiki yana zaune a kusan digiri 37 a ma’aunin Salshiyas, kuma tazarar da ke tsakanin wannan lamba da halaka ba ta wuce digiri uku zuwa huɗu ba.

Hanyoyin fitar da zafin biyu ne manya. Ta farko, jini ya kwaso zafi daga ciki ya kawo shi fata, iska ta ɗauke. Wannan hanya tana aiki ne muddin iska ta fi fata sanyi. Da zarar zafin iska ya haura kusan digiri 35, sai lamarin ya juye, iska ta koma zuba wa jiki zafi. Hanya ta biyu ita ce gumi, kuma a ranar zafi ita kaɗai ta rage. Sai dai gumi ba ya sanyaya jiki don ya tsattsafo. Yana sanyaya shi ne idan ya bushe a kan fata. Lita ɗaya ta gumi da ta bi iska tana tafiya da zafin da ya kai kilokalori 580. Gumin da ya zuba ƙasa ko ya jiƙa riga sharkaf asara ce tsantsa: ruwa ya tafi, zafi na nan. Wannan ne ya sa laimar iska ta fi tsananin rana haɗari. A Tokiyo zafin iska bai kai digiri 40 ba, amma iskar ta cika da laima har gumi ya rasa inda zai bushe.

Ɗan tanis a rana mai zafi yana iya zubar da gumin lita ɗaya zuwa biyu da rabi a sa’a guda. Yayin da ruwa ke raguwa, jini ma raguwa yake yi, zuciya kuma ta shiga tsaka mai wuya: tsoka na neman jini don ta yi aiki, fata na neman jini don ta fitar da zafi, ƙwaƙwalwa na neman nata. Idan aka ci gaba da matsa wa jiki, sai a rage wa hanji da ƙoda da hanta rabonsu. Daga nan ne ɓarnar ke somawa.

Likitocin wasanni sun kasa abin kashi uku. Mafi sauƙi shi ne ƙullewar tsoka, yawanci a sha-raɓa ko cinya ko ciki. Maganinta hutu a inuwa, miƙar da tsokar a hankali, da shan ruwa mai ɗan gishiri. Na biyu galabaita ce: jiri, ciwon kai, tashin zuciya, kasala, bugun zuciya da sauri, amma mutum yana cikin hayyacinsa, ya san inda yake, yana amsa tambaya daidai. Wannan a cire shi daga fili, a kwantar da shi a inuwa a ɗaga ƙafafunsa, a sassauta masa tufafi, a jiƙa shi ana fifita, a ba shi ruwan gishiri da sukari yana kurɓa, kuma wasansa na ranar ya ƙare. Na uku shi ne bugun zafi: zafin cikin jiki ya haura digiri 40, ƙwaƙwalwa ta fara rikicewa. A wannan mataki ƙwayoyin jiki suna lalacewa minti bayan minti. Tsoka na narkewa tana toshe ƙoda, hanta na mutuwa, jini na rasa tsarin daskarewarsa.

Alamar da ke raba na biyu da na uku tana cikin hali. Ɗan wasa ya manta maki, ya nufi ɓangaren da ba nasa ba, ya yi magana marar kan gado, ya hau faɗa ba dalili, ya yi tangaɗi, ya faɗi, ko ya kama jijjiga. A nan ne duk gardamar take. Gaɓar da zafi ke fara taɓawa ita ce gaɓar da muke tambaya ko za a ci gaba. Tambayar mai bugun zafi ko yana lafiya daidai take da tambayar mai maye ko zai iya tuƙi.

Hujjar farautar barewa

Masu ganin cewa jure rana wani ɓangare ne na wasan suna da hujjoji, kuma an ji su ƙarara a birnin Melbon a Janairun 2014. A makon farko na gasar Ostareliya ta shekarar, zafi ya haura digiri 41 kwana huɗu a jere. Frank Dancevic na Kanada ya suma a fili, daga baya ya ce kafin ya faɗi ya riƙa ganin Snoopy, karen nan na zanen barkwanci, ya kuma kira yanayin rashin imani. Peng Shuai ta ƙasar Sin ta yi amai a fili. Wani yaro mai tsintar ƙwallo ya yanke jiki ya faɗi. Duk da haka sai a rana ta uku ta zafin aka dakatar da wasa. Roger Federer ya ce lamari ne na zuciya, wanda ya yi atisaye yadda ya kamata zai jure, wanda ya kasa ya ajiye. Likitan gasar, Tim Wood, ya kawo hujjar cewa asalin ɗan Adam daga filayen Afirka yake, inda kakanninsa suke bin barewa na tsawon sa’o’i takwas a irin wannan rana.

Akwai gaskiya a maganar, kuma ya kamata a ba ta haƙƙinta. Ɗan Adam ya fi yawancin dabbobi iya fitar da zafi. Tanis wasa ne na tsalle da tsayawa, lokacin da ƙwallo ke yawo bai kai rabin tsawon wasan ba, kuma ƙwararru sukan gajarta maki da kansu idan rana ta tsananta. Jikin da aka horar a zafi na mako ɗaya zuwa biyu yana sabawa: gumi ya zo da wuri, ya ƙaru, gishirin cikinsa ya ragu, jini ya yalwata. Shi ya sa ba kasafai ake ganin cikakken bugun zafi a manyan ’yan wasa ba.

Amma misalin barewar ya juya wa mai shi baya. Mafarauci shi ke zaɓen saurinsa, ya yi sassarfa, ya yi tafiya, ya tsaya neman sawu. Barewar ita ce ba ta da zaɓi, kuma abin da ke kayar da ita a ƙarshe zafi ne, domin an hana ta tsayawa ta huce. A filin tanis kowane ɗan wasa mafarauci ne ga abokin karawarsa, barewa ne kuma a hannunsa. Dabarar wasan kanta ita ce ka hana wancan hutu, ka ja shi dama da hagu har ya gaza. Wanda ya kawo farautar barewa don ya nuna babu haɗari ya manta yadda farautar ke ƙarewa.

Sannan Federer ba shi ne ma’auni ba. A wancan lokacin yana da likita, da mai kula da abincinsa, da ɗaki mai sanyi, kuma sau da yawa a babban fili mai rufi ko da dare yake wasa. Wanda ke matsayi na ɗari da wani abu yana can filin gefe da tsakar rana, kuma kuɗin zagayen farko shi ne kuɗin jirginsa. Yaron da ke tsintar ƙwallo ba wanda ya tambayi ra’ayinsa. Idan doka ta dace da mafi ƙarfi kaɗai, to an rubuta ta ne a kan wuyan mafi rauni.

Minti talatin

Abin da ke kashe mai bugun zafi shi ne tsawon lokacin da jikinsa ya yi yana sama da digiri 40. Daga wannan ne ƙa’idar da likitocin wasanni suka haɗu a kanta ta fito: a sauke zafin cikin minti 30 na farko, a sanyaya tukuna sannan a ɗauka zuwa asibiti. Hujjar ba daga tanis ta fito ba, daga tseren gudu da ƙwallon Amurka ta zo, inda cutar ta fi yawa, amma jiki ɗaya ne.

A garin Falmouth da ke jihar Massachusetts ta Amurka ana yin wani tsere na kimanin kilomita 11 kowane watan Agusta. Binciken da aka wallafa a 2015 ya bi diddigin mutum 274 da bugun zafi ya kama a tseren cikin shekaru 18. Dukkansu an tsoma su a ruwan sanyi a nan take, kuma dukkansu sun rayu. A ɗaya gefen akwai Jordan McNair, ɗalibi ɗan shekara 19 mai buga ƙwallon Amurka a Jami’ar Maryland, wanda ya galabaita a wurin atisaye ranar 29 ga Mayun 2018. Ba a tsoma shi a ruwa ba. Ya isa asibiti zafin jikinsa na kan digiri 41, aka yi masa dashen hanta, ya rasu ranar 13 ga Yuni. Shugaban jami’ar ya fito ya ce sun ɗauki alhakin kurakuran da aka yi. Jami’a ce mai dukiya da likitoci da motocin asibiti. Abin da aka rasa a ranar baho ne da wanda zai ce a saka shi ciki.

Ga yadda ake yi. Ɗan wasa ya faɗi ko ya rikice a rana mai zafi: a fara duba numfashinsa. Idan ba ya numfashi, zuciya ce ta tsaya, sai a hau danna ƙirji, a nemi agaji. Idan yana numfashi amma hankalinsa ya gushe ko ya rikice, a ɗauka bugun zafi ne har sai an tabbatar da akasin haka. Mutum ɗaya ya kira mota da asibiti, sauran su cire masa takalmi da kaya masu nauyi su tsoma shi cikin ruwan sanyi daga wuya zuwa ƙasa. A zura tawul ta ƙarƙashin hamatarsa, wani ya riƙe ta baya don kada kansa ya nutse. A riƙa motsa ruwan ba tsayawa, domin ruwan da ya kwanta a jikin fata nan da nan yake ɗumi. Ruwa mai ƙanƙara ya fi, amma jagororin agajin farko na duniya na 2020 sun amince da duk ruwan da sanyinsa ke tsakanin digiri 1 zuwa 26. Ruwan randa ya shiga wannan lissafi.

Idan babu baho, tamfol ya isa: a kwantar da shi a tsakiya, mutane su ɗaga gefuna, a zuba ruwa da ƙanƙara, a riƙa girgizawa. Idan babu tamfol, a yi ta kwarara masa ruwa bokiti bayan bokiti ana fifita da ƙarfi, ana shimfiɗa tawul masu sanyi a duk jikinsa ana sauya su kowane minti biyu ko uku. Inda akwai ma’aikacin lafiya, zai auna zafin ta dubura, ya fitar da shi idan ya sauko kusan digiri 39. Inda babu, a sanyaya na kimanin minti 15, ko har hankalinsa ya dawo ko ya fara rawar ɗari. Sannan a kai shi asibiti ko da ya ce ya warke, domin ɓarnar ƙoda da hanta takan bayyana bayan kwana ɗaya ko biyu.

Taimakon da ke kisa

Yawancin abin da ke halaka mai bugun zafi daga masu ƙaunarsa yake fitowa. Na farko shi ne gaggawar jefa shi a mota. A kusan kowace cuta wannan daidai ne, a nan kuwa minti ashirin na cunkoson hanya a bayan mota mai zafi, da wasu minti goma na yankar kati, sun cinye lokacin da ransa ke rataye a kai.

Na biyu shi ne jiran fata ta bushe. An daɗe ana koyar da cewa mai bugun zafi ba ya gumi. Hakan yana faruwa ga tsofaffi da marasa lafiya da zafi ya dafa a ɗaki kwana da kwanaki. Ɗan wasan da ya faɗi a fili yawanci jiƙe yake sharkaf. Wanda ya ga gumi ya ce da sauƙi ya yaudari kansa.

Na uku shi ne dogaro da ma’aunin goshi ko na baki ko na hamata. A jikin da ke gumi yana haki, waɗannan suna nuna lambar da ta gaza ta gaskiya da digiri ɗaya ko biyu ko fiye. Gara a yi hukunci da halin mutum a kan a yi da lambar ƙarya.

Na huɗu farasitamol ne. A zazzaɓi ƙwaƙwalwa ce da kanta ta ɗaga ma’aunin zafin jiki, maganin kuma ya sauke shi. A bugun zafi ma’aunin yana inda yake, jiki ne ya kasa fitar da wuta. Ƙwayar ba ta da abin da za ta sauke, sai dai ta ƙara wa hantar da ke wahala nauyi.

Na biyar ɗura ce. Wanda hankalinsa ya gushe ba a zuba masa ruwa ko madara ko lemo a baki, domin huhu za su tafi. Idan yana jijjiga ba a cusa masa cokali. A kawar da abin da zai buge shi, a juya shi gefe idan ta lafa, a ci gaba da sanyayawa. Ko ga mai lafiya ma ruwa yana da iyaka: wanda ya sha zallan ruwa fiye da abin da ya zubar yana tsinka gishirin jininsa, abin da shi ma ke kawo ruɗewa da mutuwa. Hanya mai sauƙi ita ce hawa sikeli kafin wasa da bayansa. Kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta ruwa. Wanda nauyinsa ya ƙaru ya sha fiye da kima.

Na shida shi ne tsoron cewa ruwan sanyi zai girgiza zuciyar mai zafin jiki. Mutum 274 na Falmouth sun amsa wannan.

Doka, da jinkirin ta

Hukunci ba zai tsaya a kan yadda alƙali ko koci ya ji a jikinsa ba, sai an ɗaura shi a kan lamba. Lambar da aka fi amfani da ita ita ce WBGT, wadda sojojin ruwan Amurka suka ƙirƙiro a shekarun 1950 bayan zafi ya yi ta kayar musu da sabbin kurata a sansanin horo na tsibirin Parris. Ma’auni uku take haɗawa, kuma rabon yana koyar da darasi: kashi 70 na laima ne, kashi 20 na zafin da rana da daɓe ke fesowa, kashi 10 kacal na zafin iska.

Ƙungiyar ƙwararrun mata, WTA, tana da dokar zafi tun 1992, mai ba da hutun minti goma kafin turmi na uku. Gasar Ostareliya ta fito da sikelinta mai hawa biyar a 2019: a hawa na huɗu hutu, a na biyar a tsayar da wasa a filayen waje. Ƙungiyar maza kuwa, ATP, ta shafe fiye da shekara talatin ba ta bi sawu ba. A gasar US Open ta 2023 Medvedev ya sake fuskantar kyamara ana tsakiyar wasa ya ce wata rana ɗan wasa zai mutu, sannan za a gani. A Shanghai a Oktoban 2025, Jannik Sinner ya fice saboda ƙullewar tsoka, Djokovic ya yi amai, Holger Rune na Danmak ya tambayi alƙali ko jira ake sai wani ya mutu a fili. Bayan haka ne ATP ta amince da doka daga kakar 2026: hutun minti goma idan WBGT ta kai 30.1, dakatarwa idan ta wuce 32.2. Ilimin yana nan tun shekarun 1950. Abin da ya jinkirta shi jadawalin talabijin ne, da kuma tunanin cewa neman inuwa ba na maza ba ne.

Gemun ɗan’uwa

Mai karatu yana iya cewa wannan rigimar Turawa ce, mu da muka tashi a rana ba ta yi mana komai. Ana buga tanis a Kano, garin da ke karɓar gasar Dala Hard Court shekara da shekaru, da Kaduna da Abuja da Yamai, a kulob-kulob da barikoki da jami’o’i. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana wuce digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai. Sabo da rana gaskiya ne, amma yana da iyaka, kuma yana zubewa cikin ’yan makonni ga wanda ke wuni a ofis mai na’urar sanyi. A farkon Afrilun 2024 zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na Mali, asibitin Gabriel Touré na Bamako kuma ya ƙirga mutuwar mutum 102 a kwana huɗu. ’Yan Sahel ne, a rana suka tashi.

Masu wasa a filayenmu ba ƙwararru ba ne masu shekara ashirin da biyar. Akwai ma’aikacin banki mai shekara hamsin da ke shan maganin hawan jini mai sa fitsari. Akwai wanda zazzaɓin cizon sauro ya sake shi shekaranjiya, kuma zazzaɓi ko gudawa na kusa suna cikin manyan abubuwan da ke jawo bugun zafi. Akwai mai azumi da ya shiga fili kafin a sha ruwa. Akwai yara da ba za su iya ce wa koci sun gaji ba. Lokacin da ya fi haɗari shi ne ƙarshen bazara, sa’ad da hadari ke haɗuwa bai zuba ba, laima ta hau kan zafi. Manomi ya san wannan, shi ya sa yake sammako ya dawo kafin rana ta take. Masu dambe ma da yamma suke shiga fage. Ilimin da kakanni suka riƙe ba tare da na’ura ba, bai kamata a yar da shi don an sayi takalmi mai tsada ba.

Abin da nake nema daga kowane kulob da makaranta da ƙungiyar wasanni ta jiha bai fi ƙarfin kowa ba. A watannin zafi a rufe fili daga hantsi zuwa la’asar sakaliya, a rubuta hakan a ƙofa. A ajiye baho babba ko tamfol, da durom cike da ruwa a inuwa, da kula ta ƙanƙara, duk ranar da ake wasa, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A koya wa koci da mai gadi da masu tsintar ƙwallo alamomin rikicewa, a gwada tsomawar sau ɗaya a shekara har kowa ya san inda zai riƙe. Wanda ya dawo daga jinya ko daga ƙasa mai sanyi ya ɗauki mako biyu yana ƙara nauyin atisaye sannu a hankali. A naɗa mutum ɗaya a kowace gasa wanda idan ya ce a tsaya an tsaya, ko mai wasan shugaban kulob ne, ko babban baƙo ya riga ya zauna.

Kai kuma da ke biya wa ɗanka kuɗin koyon tanis, ko kake zuwa da kanka ranar Asabar, kafin ka tambayi kuɗin rajista ka tambayi inda bahon yake da wanda aka koya wa amfani da shi. Idan aka yi maka dariya, ka ɗauki jakarka ka nemi wani filin. Kuɗin baho bai kai na gwangwani kaɗan na ƙwallayen da ake zubarwa duk wata ba, kuma kulob ɗin da ya ƙi sayen sa ya riga ya faɗa maka darajar da ya bai wa ran ɗanka.